Ranar da Labari Ya Riga Ɗan Aike

'Ya'yana, kun taso kuna jin ana cewa wata mata ce ta zo daga Kaduna ta kashe jaridar da na yi wa aiki, kuma ita ce ta jawo abin da ya sami ɗiyar Malam Sa'idu na Kebbe. Ban taɓa faɗin haka da bakina ba. Amma an sha faɗa a gabana, a zaurena, ina zaune ina jan carbi, ban taɓa cewa a'a ba. Yanzu idona ya fara gajiya, hannuna ma haka, ina so in rubuta muku yadda abin ya kasance tun ina iya riƙe alƙalami. Akwai wuraren da har yau ban gane su ba, zan faɗa muku inda ban gane ba.

Na shiga aikin jarida lokacin da jihar Sakkwato take sabuwa, kuɗin mai sun shigo ƙasa, kowane gida ana sayen rediyo da babur. Ni iyakar karatuna aji bakwai na firamare a nan Tambuwal, sai allo. Abin da Allah ya ba ni shi ne kyan rubutu, don haka nake zama a bakin tasha ina rubuta wa mutane wasiƙa. A nan Alhaji Bala ya gan ni. Ɗan kasuwa ne da ya sayi tsohon injin ɗab'i ya kafa a birnin Sakkwato, yana buga 'yar jaridar Hausa sau ɗaya a mako. Tana da sunanta, amma ba mai kiran ta da shi, 'yar Juma'a kowa ke cewa, don ranar take fitowa. Ya ce in zama wakilinsa daga Tambuwal har Kebbe, ya ba ni babur. Daga ranar sunana Umaru ya ɓace, na koma Wakili.

Ga yadda aikin yake. Daga Asabar zuwa Litinin ina yawo, Sanyinna, Jabo, Dogon Daji, in miƙa har Kebbe. In ji inda aka haƙa rijiya, inda shanu suka shiga gona, wanda ya sauke Alƙur'ani, wanda ya dawo daga Makka. Talata da safe in sa takardun cikin ambulan in ba direban motar birni. Can edita ya duba da jan biro, masu jera haruffa su jera, Juma'a jarida ta iso. Tsakanin Talata da Juma'a akwai kwana uku, kuma sai daga baya na gane cewa kwana ukun nan su suke riƙe da mu duka. In na rubuta rigimar gona ranar Talata, Laraba dattawa suka sulhunta, sai in aika wa edita da 'yar takarda ya cire. In akwai abin da nake so a jinkirta, sai in rubuta a ƙasan labarin in ja layi: edita, a riƙe wannan sai na aiko. Fiye da shekara talatin ina haka, ba a taɓa samun matsala ba.

Labarin rasuwa kuwa shi ya fi bukatar kwanakin nan. Kun san yadda muke yi, ko da yake ku kun fara mantawa. In babba ya rasu, ba a jefa wa na nesa maganar kai tsaye. Dattijo ake tasa, ya je ya zauna, ya sha ruwa, ya ce jikin baba ya yi tsanani, a shirya a zo. A hanya ake lallaba mutum har ya gane da kansa. Mace mai tsohon ciki ko mara lafiya, wani lokaci ɓoye mata ake yi sai ta samu kanta. Kafin 'yar Juma'a ta fito da ta'aziyya, duk wanda ya kamata ya ji daga bakin ɗan'uwa ya riga ya ji.

Shekarar da nake so in ba ku labari ita ce wadda waya mai shafawa ta cika gari. Jaridarmu ta koma sai tsofaffi ke saye, sauran kuma mai ƙosai ke naɗe ƙosai da ita. Alhaji Bala ya tsufa amma ba ya son abin ya mutu a hannunsa, sai ya ɗauko Hajiya Saratu ta zama edita. A lokacin ta kai shekara arba'in, ta yi aikin jarida a Kaduna. Ba baƙuwa ba ce yadda ake faɗi. Mahaifiyarta 'yar Kebbe ce, a can take zaune, kuma Saratu tana yarinya ta yi karatun allo a gaban Malam Sa'idu in ta zo hutu.

Ta tara mu a ofis, mu wakilai shida. Ta kafa farin allo ta raba shi gida bakwai, kowace rana da abin da za a fitar: Litinin noma da kiwo, Talata lafiya, Laraba kasuwanni, haka har mako ya zagayo. Ta ce jarida ta takarda za ta ci gaba da fita Juma'a, amma yanzu muna da shafi a intanet wanda ba ya jiran Juma'a. Ta ce kafin mutum ya rubuta komai ya tambayi kansa wa yake rubuta wa, kuma me mai karatun zai yi da labarin. Ni ina kallon allon kamar an sa ni gaban rubutun Sinawa. Ta yaya za a ce Talata ranar lafiya ce, in shanu suka shiga gona ranar Talata fa? Sai ta ɗauko wani labarina na walimar saukar karatu a Jabo, ta ɗaga shi.

"Baba Wakili, na ƙirga sunaye talatin da ɗaya kafin in kai ga yaron da ya sauke. Wa zai karanta sunaye talatin da ɗaya?"

Na ce, "Masu sunayen, Hajiya. Su ka sayen jaridar."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ta ce, "To, a ba ni yaron a layin farko, masu sunayen su biyo baya. Ai shi ya sha bulalar."

Ba ta raina ni ba, wannan ku sani. Kullum sai ta russuna ta gaishe ni. Amma tana da sauri, magana ɗaya ba ta gama sauka a kunnena ta kama wata. Ranar ta raba mana wayoyi, ta nuna mana inda ake rubutu. A ƙasa akwai wurin dannawa biyu, ɗaya ruwan toka, ɗaya kore. Ta yi bayaninsu, na san ta yi, don na ga bakinta yana motsi kuma na ga sauran suna gyaɗa kai. Ni a lokacin ina fama da yatsana, in na taɓa harafi ɗaya sai biyu su fito. Da ta zo kaina ta ce, "Baba, ka gane?" sai na dubi wakilin da ke gefena, sa'an ɗana na fari, ya riga ya gama yana wasa da tasa. Na ce na gane.

Da na dawo gida na ajiye wayar a kan tabarma, Innarku Hajo ta zagaya ta kamar wadda ta ga kunama.

"Wagga ita za ta riƙa kai labari birni?"

"Ita."

"To direba fa?"

"An sallame shi."

"Kai kuwa ka gane ta?"

"Na gane mana."

Ta dube ni ta ce, "Bakinka ya gane. Idonka bai gane ba. Ka koma ka tambaya, Malam, tambaya ba ta rage rawani."

Ban koma ba. Na zauna na yi wa kaina fassara. Na ce ruwan toka na gogewa ne, kore kuwa shi ke kai wa edita, kamar yadda ambulan ke kai mata. Sau biyu na rubuta labarin kasuwar Dogon Daji na danna kore, ranar Juma'a na gan shi a takarda, sai na ce to ka ga, haka ne. Shafin nan da ake ta magana ban taɓa buɗe shi ba, ban san ta inda ake shiga ba. Ashe ruwan tokan shi ke ajiye labari a teburin edita. Koren kuwa yana sakin sa ga duniya nan take. Hajiya Saratu ta ba mu wannan ikon ne mu tsofaffin wakilai saboda girmamawa, ta ce mun fi ta sanin yankunanmu.

Malam Sa'idu abokina ne tun ina saurayi. Duk zuwana Kebbe a zaurensa nake sauka, ya sa a dama mini fura, ya ce in karanta masa abin da na rubuta ya ji ƙaryar da ke ciki. Ya rasu da asubahin wata Litinin bayan gajeriyar jinya, ina garin. Da hantsi aka kai shi makwancinsa. Da muka dawo daga maƙabarta, ƙaninsa Malam Usman ya tara mu a zaure, mu kamar goma, ya kawo maganar Hafsatu. Ita ce ɗiyar marigayin da ya fi ji da ita, tana aure a birnin Sakkwato, cikinta ya shiga wata tara, likita kuma ya ce jininta ya hau, a kiyaye ta. Malam Usman ya ce ya yi magana da mijinta, zai karɓe wayarta ya ce ta lalace. Ba za a gaya mata ba sai ta sauka lafiya, sannan shi da kansa zai je.

Ya ce, "Kowa shi riƙe bakinai. Kwana nawa ne?"

Ni na fara amsawa. Na ce, "Haka ya dace, Allah shi gafarta Malam."

Na fito na zauna gindin wata bedi, itacen da wasu ke ce wa dogon yaro, zuciyata cike. Na ce bari in rubuta ta'aziyyar tun abin yana da ɗumi a raina. Na daɗe ina dannawa da yatsa ɗaya. Na rubuta karatunsa, da almajiran da ya yaye, da yadda bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba. Ban taɓa rubutu mai kyau irin wannan ba. A ƙasa na ƙara abin da na saba: edita, a riƙe wannan sai na aiko, kada ɗiyarsa Hafsatu ta ji, tana da tsohon ciki. Waya ba ta kamawa sosai a cikin gari, sai da na hau babur na kai wani tudu a hanyar fita, na tsaya na ɗaga ta sama, na danna kore. Na sa ta aljihu na kamo hanya ina jin na sauke nauyi.

Hanyar Kebbe kun san ta. Ban iso Tambuwal ba sai bayan azahar. Na tarar da Innarku tsaye a bakin zaure, abin da ba ta taɓa yi ba, mayafinta a karkace.

"Malam, mi ka yi?"

"Mi na yi?"

"Matar Sani maƙwabci ta shigo da waya tana karanta ma matan unguwa rasuwar Malam Sa'idu. Har da inda ka ce kada Hafsatu ta ji. Kowa ya ji kada Hafsatu ta ji!"

Na ce ba zai yiwu ba, yau Litinin. Na maimaita mata, yau fa Litinin. Na ciro wayar na tarar an kira ni ba adadi, duk Hajiya Saratu. Ina riƙe da ita ta sake kira. Ta ce tana wurin masu ɗab'i lokacin da labarin ya fita, ba ta gani ba sai da aka yi kusan sa'a guda. Ta cire shi, amma mutane sun riga sun kwafa sun tura wa juna. Na ce mata in ta cire ai shi ke nan. Ta ce ba shi ke nan ba. Na ce to ina yake yanzu, a wace waya, in je in karɓo? Ta ce, "Baba, yana cikin kowace waya." Wallahi har yau in na zauna ina tunanin wannan maganar kaina juyawa yake yi. Abu ɗaya na rubuta, da yatsa ɗaya, a gindin bedi ɗaya.

Mijin Hafsatu ya karɓe wayarta kamar yadda aka shirya, amma bai karɓe na maƙwabta ba. Wata mata da ke gidan kusa, wadda ta ga farkon labarin ba ta kai ƙarshe ba, ta shigo tana salati ta rungume ta tana yi mata gaisuwa. Hafsatu ta ce gaisuwar wa. Kafin la'asar tana asibiti. Aka ciro yaro namiji, ya kwana biyu ya koma. Ita Allah ya tashe ta. Daga baya na ji wani likita ya ce da labari da babu labari jinin nan zai iya yin haka, wata ma'aikaciya kuma ta ce firgitar ce. Ban san wanda ya yi daidai ba. Na so in riƙe maganar likitan, amma ba ta taɓa zama a hannuna ba.

Innarku ta sa ni gaba a ranar ta ce in nuna mata abin da na yi, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta iya boko ba, amma ta kira matar Sani ta duba. Matar ta ce, "Baba, ai wanga koren na sakin labari ne. Na ajiyewa ga shi nan gefe." Ta faɗa a sauƙaƙe, kamar mai nuna mini ƙofar ɗakina. Don haka kada wani ya ce muku ban sani ba. Kafin rana ta faɗi a Litinin ɗin nan na san ni na saki labarin.

Bayan addu'ar bakwai, Malam Usman da dattawa biyu suka zo ofis a birni. Alhaji Bala ya aiko in zo. Aka shimfiɗa musu darduma don sun ƙi zama a kujera. Hajiya Saratu tana gefe a tsaye, kwamfutarta a rufe a kan tebur. Malam Usman bai ɗaga murya ba. Ya ciro takarda, wani ya kwafe masa labarin da hannu, ya karanta layin ƙarshe a hankali.

Ya ce, "Alhaji, ga shi Wakili ya ce a riƙe. Ya faɗi dalili. Mu abin da munka zo ji, wa anka ce ma ya riƙe, kuma don mi bai riƙe ba?"

Alhaji Bala ya juyo gare ni. "Wakili, yaya anka yi?"

Ina da lokaci. Ba wanda ya matsa mini. Na dubi Malam Usman, mutumin da na ci abinci a kwano ɗaya da yayansa shekara da shekaru, na tuna cewa in na faɗi gaskiya ba ni da fuskar sake shiga Kebbe. Sai na ji bakina yana cewa:

"Ni dai na rubuta na aika, na ce a riƙe, kamar yadda nika yi tun farkon jaridar ga."

Kowace kalma a ciki gaskiya ce, kuma duka ƙarya ce. Kowa a ɗakin ya juya ga Hajiya Saratu. Na san a cikin kwamfutar nan akwai inda ke nuna wanda ya saki kowane labari da lokacin da ya saki, ta taɓa gaya mana. Na ga ta ɗora hannu a kan murfin. Ta dube ni, ni kuma na dubi darduma. Sai ta janye hannun, ta durƙusa a gaban Malam Usman.

Ta ce, "Kawu, ni na kawo tsarin nan, ni ke da alhakin duk abin da ya fita a shafin. Ku yafe mini."

Malam Usman ya ce, "Ke da kinka yi karatu gaban marigayi." Suka tashi.

A ranar Alhaji Bala ya ce a rufe shafin, ita kuma ta ajiye aiki kafin a ce ta ajiye. Na same ta a baranda tana sa littattafanta cikin kwali. Na tsaya a gefenta. Ita ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"Baba Wakili, tun da muka buɗe shafin nan, ka taɓa ganin sa da idonka?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Wata huɗu. Ban taɓa tambayar ka ba." Ta ɗauki kwalinta ta sauka.

Na yi shekaru ina juya wannan maganar. Wani lokaci in ji kamar laifin kanta take gani, wani lokaci in ji kamar mari ne ta yi mini da ladabi. Ban sani ba.

Muka koma ambulan da direba. Jaridar ta ja shekara biyu tana ramewa, sannan injin ya tsaya, Alhaji Bala bai daɗe ba shi ma ya bi. Mutane suka ce matar Kaduna ce ta kashe ta. A Kebbe kuwa darajata ƙaruwa ta yi. In na shiga zaure sai a matsa mini wuri, a ce ga wanda ya ce a riƙe aka ƙi ji. Malam Usman ya riƙa aiko mini da gero duk kaka. Ina karɓa, muna ci, ku ma kun ci. Innarku ce kaɗai ba ta taɓa sa tuwon geron nan a bakinta ba. Takan tuƙa mana, ta koma gefe ta ci nata na dawa. Duk azumi in ya kama sai ta ce:

"Malam, bana za ka Kebbe?"

In ce ai ina zuwa Kebbe kullum.

Ta ce, "Ka san zuwan da nika nufi."

Ana haka mahaifiyar Hajiya Saratu ta rasu a Kebbe. Na ji labarin cewa da Saratu ta zo, ta shiga cikin gida ta gaida mata, aka amsa mata da ƙyar, wasu suka juya baya. Ba ta kwana ba. Na ji wannan a zaurena, na ce Allah shi kyauta, na ci gaba da jan carbina. Shekara tara na yi a haka. Ba zan ce muku kullum abin yana damuna ba, wani lokaci sai in yi wata ban tuna ba. Har na fara jin kamar yadda ake faɗin nan haka aka yi.

Azumin farko bayan rasuwar Innarku, aka ga wata, aka sha ruwa, ba wanda ya tambaye ni ko za ni Kebbe. Shirun nan ya fi tambayar nauyi. Bayan ƙaramar salla na sa aka kai ni. Na sami Malam Usman ya tsufa ƙwarai, yana zaune a buzun yayansa. Na ce a ba mu wuri, na faɗa masa duka, har da geron.

Ya ce, "Kai ne."

Na ce ni ne.

"Kuma kana zaune ta durƙusa gabana."

Na ce ina zaune.

Ya ce, "Hafsatu ni za ni gaya mata, da ƙafata, in ta ga dama ta yafe maka, wannan tsakaninku. Amma waccan baiwar Allah gaban mutane munka ɓata ta. Jibi Juma'a. In an sallame salla ka tashi."

Ranar Juma'a na tashi. Liman ya ba ni abin magana. Na ce jama'a, labarin rasuwar Malam Sa'idu da ya fita kafin lokaci, ni Umaru Wakili na sake shi da hannuna, saboda na ce na gane abin da ban gane ba. Hajiya Saratu ba ta da laifi, ta rufa mini asiri ne. Na yi zaton masallacin zai ɗauki hayaniya. Tsofaffi kaɗan a sahun gaba suka sunkuyar da kai. Sauran kuwa samari ne, suna neman takalmansu. Na ji wani a bayana yana tambayar na kusa da shi, "Wace Saratu?" Ɗayan ya ce shi ma bai sani ba.

Washegari na wuce birni na nemi gidanta. Tana koyar da aikin jarida a wata makaranta, furfura ta fara fito mata. Ta russuna ta gaishe ni kamar dā, ta kawo mini ruwa. Na faɗa mata abin da na yi a Kebbe, na ce na wanke sunanta gaban jama'a, na roƙe ta gafara. Ta saurare ni har na gama, tana murza bakin mayafinta.

Ta ce, "Baba, mutanen Kebbe ba su dame ni ba sosai. Innata ce. Ta kira ni a ranar ta ce, Saratu, gaya mini ba ke ba ce. Na ce mata ni ce, don in na gaya mata gaskiya ba za ta iya riƙewa ba, gari zai ji. Na ce in Baba Wakili ya yi magana sai in warware mata. Na ɗauka wata ɗaya ne ko biyu."

Ta saki bakin mayafin.

"Ta rasu tana zaton ni ce."

Ta tura mini kofin gabana ta ce ta yafe, in sha ruwana, hanya da nisa. Na ɗauki kofin da hannu biyu. Na kai shi baki, amma ruwan ya ƙi wucewa, sai na riƙe shi a haka har ta tashi ta ba ni wuri.